Manomin da Ya Ɓoye Harbin Kunama

Akwai wani mutum manomi wanda ya daɗe yana fahariya a ƙauyensu cewa kunama ba ta harbinsa, wai kakansa ya yi masa tsagar magani tun yana jariri. Mutane suka gaskata shi, har in an ga kunama a ɗaki shi ake kira.

Da kaka ta yi, maƙwabta suka zo masa gayyar kwasar dawa. Ya sa hannu zai ɗaga wani dami, sai kunama ta harbe shi a yatsa, ta shige cikin damin. Ya duba wurin, ko jini babu. Ya dubi mutanen da ke kewaye da shi, ya tuna irin bugun ƙirjin da ya sha yi a gabansu. Sai ya saki damin, ya koma wani gefe, bai ce wa kowa kome ba.

Raɗaɗi ya hau daga yatsa har kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga. Maƙwabcinsa ya tambaye shi ko lafiya, ya ce zafin rana ne.

Ana cikin haka 'yarsa ƙarama, Tabita, ta biyo uwarta da ta kawo wa masu aiki kunu. Yarinyar ta zauna a kan wannan dami, sai aka ji ta ƙwalla ƙara. Kafin a kai ta asibiti a kan babur, jikinta yana karkarwa, yawu yana dalala, numfashi yana sarƙewa.

Ma'aikaciyar jinya ta yi mata allura. Ta gaya wa iyayen cewa dafin kunama jijiyoyi yake kamawa, ya hana su hutawa har zuciya ta gaji, kuma abin da babba zai jure yana iya kashe yaro. Uwar tana kuka tana tambaya yaya aka yi duk taron nan ba wanda ya ga kunamar.

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannunsa da kunamar ta harba. Ya ce, "Ni ta fara harba. Na san tana cikin damin, na yi shiru."

Ubangiji ya yi jinƙai, Tabita ta rayu. Amma ran da ta tambayi babanta me ya sa bai kashe kunamar ba, sai kunya ta rufe shi.

Ma'anar wannan misali ita ce, kunamar ita ce zunubi, shirun mutumin kuwa girmankai ne. Zunubin da ka ɓoye don gudun kunya ba ya tsayawa inda ya shiga. Yakan bi jikinka har ya kai zuciya, ya kuma jira wanda ya fi ka rauni a gidanka. 'Yan'uwa, in an harbe ku, ku faɗa tun da wuri, ga Allah da kuma ga mutane. Kunyar furtawa ta fi sauƙi a kan kunyar tsayawa a bakin gadon ɗanka.