Matar Yaya a Cikin Kundin Auta

Akwai wata yarinya, ita ce ƙarama a gidansu, kowa Auta yake ce mata, har abokan karatunta. Tana shekarar ƙarshe a jami'a. Abin da ya rage mata kawai shi ne ta miƙa kundin bincikenta, wanda ɗalibai ke kira furojet.

Mahaifiyarta tela ce, tana ɗinki a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gida. Karatunta bai yi nisa ba. Amma tun da aka fara maganar furojet ɗin nan ta fi mai shi damuwa. Duk uwar da ke da ɗa a makaranta ta san wannan faɗuwar gaban.

Binciken Auta a kan ciwon bayan da ke damun mata masu ɗinki a gida ne. Mama ce ma ta farko da aka yi wa tambayoyi, ita ta haɗa ta da sauran teloli. Shi ya sa take ganin aikin kamar da ita a ciki.

To, ga inda gizo ya yi saƙa. Babban yayan Auta ya gama jami'a tun da daɗewa, har yana da mata da 'ya'ya. Da za ta fara rubutu sai ya turo mata nasa kundin a kwamfuta, ya ce ta ga yadda ake tsarawa. Auta ta ga sauƙi ya samu. Sai ta riƙa goge babin Yaya tana zuba nata a gurbinsa, don kada ta sha wahalar saita layi da girman rubutu. Ta canza suna a bango. Shafukan farko kuwa ta ce sai ƙarshe.

Malamin da ke duba aikinta babi babi yake karɓa, bai taɓa ganin kundin a haɗe ba. Ya dai gargaɗe su cewa duk wanda ya kawo ɗaurarren kundi da ɓarna a tsari, za a mayar masa, kuma idan lokacin miƙawa ya wuce sai dai ya jira zama na gaba. Wato abokansa su fita su bar shi.

Ranar miƙawa ta matso. Auta ta bugo takardun, ta zuba a jaka, ta fito da hantsi za ta wurin mai ɗaure littattafai. Ta leƙa ɗakin ɗinki.

"Mama, na tafi. Yau za a ɗaure."

Mama ta tsayar da keke. "Shi ke nan an gama? Kawo in gani mana."

"Mama, sauri nake yi, akwai layi. Kuma ai ba ganewa za ki yi ba."

Mama ta yi ɗan murmushi, ta mayar da ƙafa kan keke. "Haka ne. Allah ya ba da sa'a, 'yar nan."

Auta ta kai bakin ƙofa, amma ƙafarta ta ƙi fita. Murmushin nan ne ya tsaya mata a rai. Ta dawo, ta ture tarin atamfa daga kan benci, ta zauna.

"To Hajiyar keke, gyara zama. Zan karanta miki Turancin in fassara, amma ban da gyangyaɗi."

Mama ta goge hannu da gefen zani kafin ta taɓa takardun. Auta ta karanta bango. Ta buɗe shafin godiya, tana fassarawa da murya irin ta masu labarai.

"Ina godiya ga Allah. Ina godiya ga iyayena. Godiya ta musamman ga matata abar ƙaunata, wadda ta yi haƙuri da..."

Ta tsaya cak.

Mama ta sauke tabarau. "Auta, yaushe kika yi mata ban sani ba? Ko sadakin ma ba a gaya mini ba?"

"Innalillahi! Godiyar Yaya ce! Ban goge ba!"

Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da ta ga idon Auta ya kawo ruwa sai ta haɗiye sauran. "To, ba a ɗaure ba tukuna. Nuna mini wurin da kika sa maganata."

Auta ta duba shafin da ke nuna inda kowane babi yake. Ta buɗe lambar da aka rubuta, ba shi ba ne. Ta je gaba, ta dawo baya. Ashe lambobin ma na Yaya ne, tun da ta zuba nata rubutun ba ta sabunta su ba.

Daga nan ba wanda ya ƙara maganar layi. Mama ta miƙa mata alli na ɗinki, ta ce ta riƙa sa alama. Auta ta ci gaba da karantawa a bayyane, kunnenta na kama abin da idonta ya saba tsallakewa. Ta ga jadawali biyu da lamba ɗaya. Ta ga marubucin da ta ambata a tsakiya amma babu shi a jerin littattafan da ke ƙarshe. Ta ga wurin da rubutu ya ƙanƙance ba dalili, wani wurin kuma ya kumbura.

Mama ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ita dai tana saurare, tana cewa "to" da "ikon Allah", har da aka zo kan maganarta ta ce a maimaita.

Da rana Auta ta wuce sashensu ta karɓo takardar ƙa'idar tsara kundi, wadda tun farko ta raina. Nan ta gano cewa ƙa'idar sashen Yaya daban, tasu daban, har yadda ake jera sunayen marubuta ba ɗaya ba ne. Ta zauna ta bi ƙa'idar layi layi. Ta ba wata ƙawarta ta karanta, sannan ta kai wa malaminta a haɗe kafin ɗauri.

Malamin ya juya shafukan, ya ɗaga kai. "Wa ya duba miki wannan?"

"Mamana, Malam."

"Malama ce?"

"Tela ce."

"To ki ce mata ɗinkin ya yi."

Kundin Auta ya shiga a kan lokaci, ta fita tare da abokanta. Yaya kuwa har yau in ya kira waya sai ya ce, "Auta, ya iyali? Ki gaida mini matarki."

An ba Mama kwafi ɗaya. Yana nan a kan kabad ɗin zare, ta ɗinka masa riga don ƙura. Duk wadda ta kawo ɗinki sai an buɗe mata sabon shafin godiya. Mama ba ta iya karanta shi, amma ta san layin. Yatsa take ɗorawa ta ce, "Nan ni ce."

Darasi: 'Ya'yana ɗalibai, kada ku ɗinka rigarku a kan awon wani. Ku karɓi ƙa'idar sashenku, ku karanta aikinku a bayyane tun daga bango har ƙarshe, ku ba wani ya duba kafin a ɗaure. Kuma kada gaggawa ta sa ku ce wa iyayenku "ba za ku gane ba", don albarkar ɗan zaman da kuka yi da su tana iya tare muku abin da ba ku hango ba. Iyaye mata 'yan'uwana, ku tura wa duk mai ɗa a shekarar ƙarshe, ko hankalinmu ya kwanta gaba ɗaya.