Zuciyar Rago Mai Ɗaki Biyu

Akwai wani matashin malamin kimiyya a wata makarantar sakandare, shi ke koyar da ilimin jikin ɗan Adam. Ɗalibai sun raɗa masa Malam Wane-Shafi, don ko me ka faɗa a ajinsa sai ya ɗaga gira ya ce, "A wane shafi ka gani?" Gaskiya ya san littafi, wannan ba a ƙwace masa. Matsalarsa ɗaya, a ganinsa duk wanda bai shiga jami'a ba, kansa na ɗaukar hula ne kawai.

Aikin nasa kuwa na gwaji ne, na shekara guda. Ranar Laraba sufeto za ta zo ta zauna a ajinsa, kuma abin da ta rubuta shi zai sa a tabbatar da shi ko a sallame shi. Ga matarsa da tsohon ciki, don haka maganar ba ta wasa ba ce.

Sai ya yanke shawarar ya burge sufeto. Darasin zuciya zai yi, kuma maimakon zanen da ke manne a bango, zai kawo zuciyar rago ta gaske ya tsaga ta a gaban yara. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, shi kansa bai taɓa tsaga zuciya ba, a hoto kawai ya san ta.

Ranar Talata da yamma ya biya rumfar wani dattijon mahauci, wanda 'yarsa Auta take ajinsa.

"Baba, zuciyar rago nake so guda ɗaya."

"To Malam, ta ci ce ko ta kallo? A gyara ta, ko a bar ta da kayanta?"

Malam ya yatsina fuska. "Gyara ta tas. Ba na son ƙazanta a ajina."

"Ai in na gyara, Malam, saman nan duk zai..."

"Baba, shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta wannan abu. Kai dai yi aikinka."

Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ƙara ilimi." Ya sa wuƙa ya share kitse da jijiyoyi da duk abin da ke saman zuciyar, kamar yadda yake yi wa masu miya, ya ƙulle a leda. Malam ya kai gida ya sa a firij, matarsa tana tsokanarsa wai in sufeto ta gama kallo a dawo mata da abinta.

Laraba ta yi. Sufeto, wata dattijuwa mai tabarau wadda ba ta dariya da arha, ta zauna a bayan ɗakin gwaje-gwaje da biro a hannu. Malam ya zana zuciya a allo, zane kamar na inji. Ya ce, "Ɗakuna huɗu ne, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ku matso ku gani da idonku."

Ya sa safar hannu, ya ɗauki reza, ya tsaga. Yara arba'in suka miƙo wuya.

"Malam, biyu na gani," in ji wata.

Ya juya zuciyar, ya sake juyawa, ya leƙa ta ƙasa. Ɗakunan sama ko alamarsu babu. Wani sarkin surutu daga baya ya ce, "Ƙila ragon bai gama ginin benen ba aka yanka shi." Aji ya kece da dariya. Sufeto ta sunkuyar da kai tana rubutu, gumi kuwa ya jiƙa wa Malam riga har baya.

Nan take ya gane. Ɗakunan saman su ne abin da Baba ya so ya gaya masa, ya katse shi. Wata ƙarya mai sauƙi ta zo masa har bakin leɓe: ya ce zuciyar rago daban take da ta mutum. Yara za su yarda, su rubuta, har su kai ta ɗakin jarrabawa. Ya dubi hannuwansu riƙe da biro suna jiransa, sai kunya ta kama shi.

Ya ajiye rezar ya ce, "Yara, laifina ne. Zuciyar rago ɗaki huɗu gare ta kamar tamu. Mahaucin ya so ya gargaɗe ni cewa gyara zai cire na sama, na ƙi saurararsa saboda girman kai."

Sai Auta ta ɗaga hannu a hankali.

"Malam, Baba yana bakin get tun safe da kular ƙanƙara a hannu. Ya ce kada in ce komai sai in na ga kana bukatar taimako."

Malam bai aiki kowa ba, da ƙafarsa ya fita, har da ɗan gudu. Ya tarar da dattijo a benci suna hira da maigadi. Ya rusuna ya ce, "Baba, ka yafe mini. Jiya na yi maka rashin kunya."

"Haba Malam, tashi. 'Yata kake koya wa, in ka ji kunya ai ni ma na ji."

A cikin kular akwai zuciya cikakkiya, haɗe da huhu da maƙogwaro, ba a taɓa komai ba. Baba ya shimfiɗa su a tire, ya nuna wa Malam inda zai sa reza, sai ga ɗakuna huɗu kowa ya ƙirga. Ya ce a aro famfon keken maigadi, ya zura bakin famfon a maƙogwaron, ya ce Malam ya buga. Huhu ya kumbura ya yi jajir, yara suka saki ihu har malaman ajin kusa suka leƙo ta taga.

Sai Baba ya taɓa gefe ɗaya na zuciyar ya ce, "Malam, ni ma ina da tambaya. Shekara talatin ina ganin wannan ɓangaren ya fi wancan kauri, ban san dalili ba."

Fuskar Malam ta washe. "Baba, na dama huhu kawai yake tura wa jini, nan kusa. Na hagu kuwa har yatsan ƙafa yake kaiwa, shi ya sa ya fi tsoka."

Dattijo ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ashe aiki ne ya gina shi."

Da aka tashi, sufeto ta tsayar da Malam a bakin ƙofa. Ta ce, "Da ka ce wa yaran nan rago ɗaki biyu gare shi, da yau ka kwashe kayanka. Jira nake in ji me za ka ce." Ta sa hannu a takardar tabbatarwa, sannan ta nemi a sake buga famfon, don ɗazu kawunan yara sun tare mata.

Baba kuwa da zai tafi ya ce, "Malam, yaushe za a yi ƙoda? Ita ma akwai abin da ke damuna a kanta." Tun daga ranar aka ajiye masa kujera a bayan aji duk Laraba. Auta ta ce abin ya ishe ta, don Baba ya fi kowa ɗaga hannu, kuma in sun koma gida shi ke tambayarta ko ta yi aikin gida.

Darasi: Kada takardarka ta toshe maka kunne. Wanda ya shekara yana aiki da hannunsa ya san abin da kai ba ka sani ba, kuma amsa kuskure a gaban jama'a ba ya rage mutunci, ƙara shi yake yi. Ku tura wa malamai da ɗalibai da iyayen da kuka sani, wataƙila wani ya saurari wanda ya saba rainawa.