Audugar Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ke mai hamma, rufe bakin. Wata mata ce sunanta Tabawa, a garin Bakin Gulbi. A can ƙiba ita ce kyau. Budurwa in ba ta cika tabarma ba, sai a ce uwarta ba ta ba ta abinci. Tabawa kuwa 'yarta ɗaya tilo, Yalwa, siririya kamar muciya. An ɗura mata fura, an ɗura mata kunu, ko gezau. Da an yi baƙi, sai Tabawa ta tura ta ɗaki don kunya.

Ran nan sai gwaggon Yalwa ta haihu a garin Kan Dutse, aka aiko su zo suna. Tabawa ta ce, "Wallahi ba za a yi mini dariya a garin mutane ba." Sai ta samo auduga kwando guda, ta cusa wa Yalwa gaba da baya, ta naɗe ta da zane uku.

Yalwa ta ce, "Inna, zafi."

"Yi shiru, gyara ki nake yi."

Ashe mutanen Kan Dutse siririya suke yabo, mai hawa dutse da tulu ba ta haki.

A ƙofar gari sai wata tsohuwa ta ce, "Wayyo yarinya, kumburi ne? Bari in ba ku saiwa."

Tabawa ta ce, "Ƙoshi ne!"

A gidan suna gwaggo ta riƙe baki. "Yaya Tabawa, tun yaushe take ciwo?"

"Ƙoshi ne," in ji Tabawa, amma muryar ta yi ƙasa.

To, al'adarsu, 'yan mata ke ɗebo ruwan wankan jariri a wani marmaro, ta cikin tsagin dutse matsattse, 'yar uwar jariri a gaba. Sai aka miƙa wa Yalwa tulu. Ta shiga tsagin, sai ta maƙale. Ta yunƙura, zane ya yage, auduga ta watse, iska na ta yawo da ita. Sai ga Yalwa ta fita sumul, ta dawo da tulu a ka.

Mata suka rangaɗa guɗa. "Kai! Ashe kyakkyawa ce haka!" Sai tsohuwar nan ta juyo ta ce, "Baiwar Allah, me ta yi miki kika ɓoye ta?"

Ba wanda ya yi dariya. Da ma dariyar aka yi, da ta fi sauƙi. Tabawa ta duƙa tana tsintar auduga, kunya kamar ta nutse.

Yalwa ta ce, "Inna, a gida ɗaki, a nan auduga. Zan zauna wurin Gwaggo."

Sai Tabawa ta koma gida ita kaɗai. Ta kaɗa audugar nan kaf, ta kai zaren wurin masaƙi. Ta ce, "Saƙa wa 'yata zane daidai jikinta, ko ta huce ta dawo."

Masaƙi ya ce, "To, yaya jikin nata yake?"

Tabawa ta buɗe hannuwa, ta matso da su, ta sake buɗewa. Shekara goma sha shida, ba ta taɓa tsayawa ta dube ta da kyau ba. Nan ta zauna a gaban masaƙi, ta fashe da kuka.

Ƙurunƙus, kan kusu ke nan. Kowane gari da abin da yake kira kyau. Ku dai ku dubi naku da idonku, kafin baƙi su nuna muku shi.