Shari'ar Rairayi da Ƙanƙara

An ce wani sarki ya yi zamani a can tsakiyar hamada, inda sai ka yi tafiyar kwana bakwai ba ka ga komai ba sai rairayi da sama. Sarki ne mai kyauta, mai jin ƙan talakawansa, ba ya kwana da haƙƙin kowa. Amma yana da aibi guda, kuma aibin ba ƙarami ba ne: ba ya iya jin an yabi wata ƙasa a gabansa. Ka ce masa raƙumin wani ya fi nasa gudu, dariya zai yi. Ka ce masa iskar wani gari ta fi ta garinsu daɗi, to ranar ka hana shi cin abinci.

Ga shi kuma Allah da ikonsa, sai ya haɗa shi da mace daga ƙasar sanyi. Sunanta Safura, 'yar wani falke ce daga tsaunukan arewa mai nisa. Ta biyo ayarin mahaifinta tana budurwa, suka ga juna, suka so juna, aka ɗaura aure. Shekara talatin da ɗaya tana zaune da shi lafiya. Ta koyi harshen mutanensa, ta koyi hawan raƙumi, ta koyi rufe ƙofa da rana tsaka a fito sai la'asar ta yi sanyi. Dara kuwa ta iya ta har sarki ya daina yarda su buga a gaban mutane.

Kowace yamma sukan hau wani tudun rairayi a bayan gari, a shimfiɗa musu darduma. Samari na tseren raƙuma a ƙasa, yara na zama a kan busasshiyar fata suna zamiya daga ƙolin tudu har gindinsa, dattawa na tona gurbin dara da yatsa. A nan ne Safura takan yi ajiyar zuciya ta ce, "A ƙasarmu, warhaka kowa ya shige ɗaki. Mu da rana tsaka muke fita wasa. Tafki ya daskare ya zama kamar faranti, sai mu goge ƙashin doki mu ɗaura a ƙasan takalmi, mu yi ta sulalewa a kansa kamar tsuntsaye."

Sai sarki ya haɗe rai ya ce, "Ruwan da sai an sa masa gatari kafin a sha, shi ne abin marmari? Dubi can, farin raƙumin nan zai wuce."

Haka kullum. Ta fara, ya katse. Ta yi shiru, shi kuma ya ɗauka ya ci gardama.

Ana nan sai idon Safura ya fara hazo. Aka kira mai magani, ya duba, ya ja sarki gefe ya ce yanar ido ce ta soma rufe idon, in ta yi shekara biyu tana gani to an gode Allah. Safura ba yarinya ba ce, ta gane daga yadda aka rage murya. Da suka keɓe ta ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa roƙonka komai ba. Ina so in ga dusar ƙanƙara sau ɗaya kafin idon nan ya rufe."

Abin da ta faɗa ke nan. Abin da kunnen sarki ya ji kuwa daban: wai ƙasarka ba ta ishe ni ba. A ƙarƙashin wannan kuma akwai wani tsoro da bai iya furtawa ko ga kansa, cewa in ta je ta gani ba za ta dawo ba. Maimakon ya kama hannunta ya gaya mata gaskiya, sai ya miƙe ya ce, "A yi shari'a. In aka yanke cewa ƙasarku ta fi, zan haɗa miki ayari. In aka yanke tawa ta fi, kada in ƙara jin kalmar ƙanƙara a gidan nan."

Ka ji fa! Baiwar Allah tana neman abin da za ta kalla, aka ba ta ranar zaman kotu.

Washegari fada ta cika, Safura na bayan labule. Sarki ya fara da waziri. Waziri ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, ya ce ai hamada uwar ƙasashe ce, rana a cikinta take kwana, sanyi kuwa azaba ce da aka saukar wa waɗanda ba su da rabo. Fadawa suka ce gaskiya ne. Daga bayan labule sai aka ji murya a hankali: "Waziri ya taɓa ganin ƙanƙara?"

Waziri ya ce, "Allah ya kiyaye, ranki ya daɗe."

Sarki mutum ne mai kunya a kan shari'a, ko da hukuncin shi zai ba gaskiya. Ya ce a nemo wanda ya taka ƙasashen biyu. Aka rasa, sai wani tsoho mai ɗinkin salkar ruwa a bakin kasuwa, ana ce masa Agali. Da ƙuruciyarsa jagoran ayari ne, ya yi shekara shida a ƙasar sanyi. Aka zo da shi yana ɗingishi, ido ɗaya a shafe, basilla har yanzu a maƙale a hularsa. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Tsoho, wace ƙasa ce ta fi tausayin ɗan Adam, ta rana ko ta sanyi?"

Agali ya ce, "Ya sarki, sanyi ya cinye mini yatsun ƙafa biyu, rana ta cinye mini ido guda. Kowacce ta ɗauki rabonta, ba wadda ta ce mini sannu."

Aka yi dariya. Sarki bai yi ba. Ya ce, "To mutanen ina ne suka fi hankali? Mu da muke fita da yamma, ko su da suke fita da rana tsaka kamar mahaukata?"

"Allah ya ba ka nasara, mu da su duk rana muke lallashi. Mu muna lallashinta ta tafi, su suna lallashinta ta tsaya. In baƙo ya zo mana, inuwa muke ba shi da ruwan sanyi. In ya je musu, bakin wuta suke ba shi da ruwan zafi. Kyautar dai ɗaya ce, kowa yana ba da abin da ya fi wuyar samu a wurinsa."

"Wasa fa? Zamiyar rairayi ko sulɓin ƙanƙara?"

"Na yi duka biyun, ya sarki. A nan in ka faɗi, rairayi ya cika maka wando. A can in ka faɗi, kwana uku kana zama a karkace. Amma dariyar da yara suke yi wa babban da ya faɗi, wallahi iri ɗaya ce, ko tafinta ba ta buƙata."

Sarki ya buga hannu a kan karaga. "Kai, ba zagaye na kira ka ka yi mini ba! Wace ta fi?"

Tsohon ya ɗago ido ɗayan nan nasa ya dube shi, ba tsoro, ba kuma raini. Ya ce, "Ya sarki, ka yarda ni ma in yi tambaya? In mutum biyu suka yi jayayya a kan rijiya, ɗaya ya zo gabanka ɗaya bai zo ba, kana yanke hukunci?"

"Ban taɓa ba."

"To ƙasarka ta zo. Ta cika fada, ga ta nan har cikin takalmina. Ɗayar ba ta zo ba, ba kuma za ta iya zuwa ba, don in an ɗauko ta kafin a iso ta narke. Shaidarta guda ce a duk garin nan, ga ta can bayan labule, ita kuwa kowa ya sani ba ta taɓa kai ƙarshen maganarta a gabanka ba."

Waziri ya sunkuyar da kai yana duban zobensa.

Sarki ya ce, "Ai shi ya sa na kira ka. Kai ka ga duka biyun."

"In na ce hamada, za ka ce tsoronka na ji. In na ce ƙanƙara, za ka ce tsufa ya taɓa ni. Hukuncina ba zai sa ka yi barci ba. Kai ka koya mana cewa in wanda ake ƙara ba ya iya tashi, alkali ne yake tashi ya je inda yake."

Sarki ya sallami fadawa, ya sauko daga karaga ya zauna kusa da tsohon, ya rage murya yadda yake zaton labule ba zai ji ba. Ya ce, "Baba, in ta gani ta ƙi dawowa fa?"

Agali ya ce, "Wannan ban sani ba, ya sarki, ba kuma zan yi maka ƙarya ba. Abin da na sani, idon nan ba zai jira ka ka gama tsoro ba."

Kafin wata ya mutu an haɗa ayari. Sarki ya bar gari a hannun waziri, ya hau raƙumi kusa da na matarsa, suka nufi arewa. Wata huɗu suna tafiya. Rairayi ya ƙare aka shiga tsakuwa, tsakuwa ta ƙare aka shiga ciyawa, aka sauya raƙuma da alfadarai, aka fara hawan tsauni. Sarkin da bai taɓa sanin bargo biyu ba, sai ga shi cikin fatu uku masu gashi, hanci na zuba, gemu ya yi tauri, yana hura hannu yana kallon numfashinsa na fita kamar hayaƙi.

Ranar da suka isa, gari ya waye fari fat. Duwatsu fari, rufin ɗakuna fari, rassan itatuwa sun sunkuya da nauyin dusa. Safura ta sauka daga alfadari ta tsaya. Ta durƙusa ta ɗebi dusar da hannu biyu, ta kawo ta kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, hawaye na sauka a kai. Sarki na tsaye a bayanta yana rawar ɗari, bai san inda zai sa idonsa ba.

Suka sauka gidan ƙaninta. Kowace rana in hantsi ya ɗaga, gari duka sai ya fito bakin tafki, tsofaffi su jingina da bango suna shan rana kamar ƙadangaru, yara su yi ta jifan juna da curin dusa. Safura ta sa aka ɗaura mata ƙashi a takalmi. Ta yi tangaɗi sau biyu, a na uku ƙafa ta tuna abin da ta sani, sai ga mace mai furfura tana sulalewa a kan ruwa, mayafi na tashi a bayanta. Sarki bai taɓa jin irin wannan dariyar a bakinta ba, shi da ya ɗauka ya san duk dariyarta.

A rana ta tara ta ce sai ya gwada. Ya ce shi sarki ne. Ta ce tafki bai sani ba. Aka ɗaura masa, ya taka ɗaya, ya taka biyu, ƙafafu suka yi gabas da yamma, ya zauna daɓas. Yara suka fashe da dariya har wani na faɗuwa. Sarki ya zauna a inda ya faɗi yana murza ƙugu, ya ce, "A ƙasarmu, in ka faɗi rairayi ne yake tarbarka da laushi. Kuma warhaka a ƙasarmu..."

Safura ta zo ta durƙusa a gabansa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kwananmu tara. Da safe ka ce a ƙasarmu, da rana ka ce a ƙasarmu, ko miya aka zuba maka sai ka ce a ƙasarmu. Kana nufin ƙasata ba ta da kyau ke nan?"

Ya ce, "A'a, wallahi tana da kyau. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar safiyar nan ba. Ba raini ba ne, Safura, kewa ce kawai take..."

Sai ya tsaya, don ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Ta ce a hankali, "Shekara talatin da ɗaya abin da nake so in gaya maka ke nan."

Sarki ya sunkuyar da kai a tsakiyar tafki, gaban yara da tsofaffi, ya ce, "Ni kwana tara ban iya riƙewa ba, ke kuma ban taɓa barinki kin gama faɗa ba. Ki gafarce ni. In nan kike so ki zauna, ba zan hana ki ba."

Ta kama gemunsa ta kakkaɓe masa dusar da ta maƙale. Ta ce, "In zauna? Tunda muka zo gwiwoyina ba su bar ni na yi barci ba. Nan ido ne yake so, na kuma ba shi ya ƙoshi. Can kuwa ko makaho ya san la'asar ta yi, tafin ƙafarsa zai gaya masa. In hanya ta buɗe mu tafi gida. Tashi, kana jiƙa wandon ƙanina."

Da dusa ta narke suka koma. Bayan shekara guda da watanni idon Safura ya rufe, sarki ya zama shi ne mai riƙe mata hannu zuwa duk inda take so. An ce daga nan har ya bar duniya, in aka kawo masa ƙarar wani baƙo, ko wani mai al'adar da ba a saba da ita ba, ba ya buɗe baki sai ya sa an ba mutumin ruwa, ya bar shi ya yi magana har ya gaji don kansa. In fadawa suka ƙosa, sai ya ce musu, "Ku bar shi ya kai ƙarshe. Alkalin da ƙasa ɗaya kawai ya taka, rabin adalci gare shi. Sauran rabin yana bakin wanda bai saurara ba."