Mutumin da Ba Ya Wuce Kaya Bai Taya Ba

An yi wani mutum a Gyadi-Gyadi, direban wani kamfanin ruwan leda ne a Tarauni. Ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da ransa. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba ya bin mata. Jam'i ba ya wuce shi. Da za ku tambayi maƙwabtansa laifinsa, da sun daɗe suna tunani.

Ciwonsa ɗaya ne, tayi. Ba ya iya wuce kaya a shimfiɗe bai tsaya ya ce "Nawa?" ba. In an faɗa, sai ya raba kuɗin gida uku ya taya kashi ɗaya. Yawanci mai kaya ya ce "Albarka," shi kuma ya wuce yana murmushi. Amma kun san al'adar kasuwarmu, ya 'yan uwa. In ka taya aka ce "Na sallama," to ka ɗaure kanka da bakinka. Magidanci ba ya taya kaya a gaban mutane ya zame.

Unguwar kuma ta dace da ciwonsa. Ma'aikatan asibiti sun cika ta, kuma 'yan shekarun nan da wuya a yi wata guda wani nas bai samu aiki a Saudiyya ba. Mai tafiya ba ya jan ciniki. Kayan ɗakinsa yake fitarwa ƙofar gida ya sayar yadda ta kama.

Haka mutumin nan ya sayi firji na biyu, alhali na farkon tukwane ake jerawa a ciki don rashin wuta. Ya sayi injin gasa burodi. Ya sayi kwat uku, shi da bai taɓa sa kwat ba. Duk ranar da ya shigo da kaya sai ya ce wa matarsa, "Saude, yau na ci riba. Kin san nawa ake sayar da wannan a kanti?"

Ita kuwa ta ce, "Malam, a ina za mu sa shi?"

Saude 'yar Kibiya ce. Ba ta taɓa roƙonsa leshi ko sarƙa ba. Abu ɗaya take nema, ya ba ta kuɗin mota da ɗan abin riƙewa a hannu, ta je ta ga Innarta. Rabonta da gida shekara biyu. Kibiya fa ba Makka ba ce. In ka hau mota a Unguwa Uku da hantsi, a can za ka yi azahar.

Bai taɓa hana ta ba. "Ƙarshen wata, in sha Allahu." Ƙarshen wata ya zo, ya tarar da kaya a shimfiɗe.

In sun yi waya, tsohuwar takan ce, "Yaushe zan ga idonki, 'yar nan?" Saude ta ce, "Ina nan tafe, Inna." Sai ta ajiye wayar. Ran nan in tana tuƙa tuwo, ba ta da zance sai na gida: tsamiyar da ke tsakar gidansu, da yadda Inna ke dama fura ba ta yarda kowa ya taɓa ludayinta. Mijin yana ji, yana kuma jin tausayinta. Tausayi ne wanda ba ya kaiwa aljihu.

Wata Alhamis ƙaninta Zakariyya ya bugo waya, ya ce Inna ta kwanta, sunan Saude take ta kira. Wannan karon abin ya taɓa mutumin. Washegari aka biya albashi, ya ware kuɗin tafiya da na magani ya sa a aljihu daban. Ya ce mata ta shirya, gobe Asabar da safe zai kai ta tasha da kansa.

Da aka sauko daga Juma'a, a hanyar gida, ya tarar da mutane sun taru a ƙofar gidan wani nas. A cikin kayan akwai injin motsa jiki, irin wanda ake hawa a yi ta gudu a wuri ɗaya. Bai taɓa ganinsa kusa haka ba. Ƙafarsa ta tsaya kafin zuciyarsa ta yi shawara.

"Nawa?"

Aka faɗa. Ya yi tayin wasa, tayin da ya tabbatar za a ce masa albarka a yi dariya a watse. Bai san ran Lahadi jirgin nas ɗin zai tashi ba.

"Kawo, na sallama."

Waɗanda suka yi sahu ɗaya da shi suna tsaye. Wani ya ce, "Kai Malam, ka tsinci banza!" Ya 'yan uwa, me zai ragu a jikinsa da ya ce, "Ku yi haƙuri, kuɗin tafiyar iyalina ne"? Ya ji kunyar mutanen da ba su ma san sunan matarsa ba. Ya sa hannu a aljihun nan.

A adaidaita sahu aka kawo injin. Saude na tsaye, ta gama ɗaure jakarta.

"Mene ne wannan?"

"Injin gudu ne. Tafiya ake yi a kai."

Ta daɗe tana kallonsa. "Yana kai mutum Kibiya?"

Ya ce ta ƙara haƙuri, Litinin zai sayar har da riba. Litinin ta zo, ba wanda ya ko taya. Talata da hantsi Zakariyya ya sake bugowa. Lami maƙwabciyarsu ce ta kwance bakin zanenta ta ba Saude kuɗin mota. Ta isa an dawo daga maƙabarta.

Bayan sadakar bakwai ta ƙi dawowa. Ya je biko. Ta gaishe shi da ladabi, ta kawo masa ruwa, ta ce, "Ban riƙe ka da komai ba, Malam. Amma ba zan iya kallon fuskarka ban ji muryar Inna ba. Ka sallame ni." Ya tura manya, ya tura limamin unguwa. Bayan wata uku ya rubuta takarda.

Ya rabu da kayan duka, wasu a wulaƙance, wasu kyauta. Yanzu ɗakin ya yi faɗi. Maƙwabta sun ce har yau in ya dawo daga aiki yakan yi sallama a bakin ƙofa, ya ɗan tsaya kafin ya tura.

Wanda mutuwa ta raba shi da matarsa yana da abin da zai faɗa wa zuciyarsa in kewa ta taso, ya ce hukuncin Allah ne. Shi wannan me zai faɗa? Tana nan da ranta, tafiyar rabin yini, kuma ta yi masa nisan da ya fi na kabari.

Ya 'yan uwa, almubazzaranci ba sai da biki da liƙi ba. Abin da ba ka bukata, ko a rabin kuɗi aka ba ka, asara ka saya. Kafin ka buɗe baki ka ce "Nawa?", ka tambayi kanka haƙƙin wa ke cikin aljihunka. In kuma bakinka ya riga ka, ka janye, ka sha dariyar kasuwa. Kafin la'asar sun manta da kai. Wadda ke jiranka a gida ba za ta manta ba.

Allah ya sa mu san darajar waɗanda ya ba mu tun suna amsa sallamarmu. Allah ya raba mu da kwaɗayin ido da kunyar banza. Allah ya kiyaye mu.