Faston da Dokarsa ta Hau Kansa

Akwai wani fasto na ɗarikar Presbiteriyan mai suna Lachlan Geddes, can cikin dazukan Ohio a Amurka, zamanin da gidaje duk na gungumen itace ne. A kan doki yake zagaya ƙauyukansa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Mutumin kirki ne, amma fa akwai tsauri.

Sau ɗaya a shekara ake yin Jibin Ubangiji, wato ibadar da masu bi suke cin gurasa mai tsarki a teburi ɗaya. Ranar Asabar kowa zai zo gabansa ya sha tambayoyi, wanda ya gamsar da shi ya karɓi 'yar alama ta darma. In ba alama, ba zama a teburi ranar Lahadi. Tambayarsa ta ƙarshe kullum ɗaya ce: "Me zuciyarka take ji?"

Shekarar da bishiya ta faɗo wa mijin wata dattijuwa, Keziah Dunlop, ta kashe shi, amsar da ta ba shi ita ce, "Ba na jin komai, Fasto."

Ya mayar da alamar aljihu. "To ki je, sai ranar da zuciyar ta farka."

Tun daga nan, can bayan taro take tsayawa.

Ana nan, sai zazzaɓin kaka ya ɗauke masa matarsa Tirzah da jaririnsu. Shi ya yi addu'ar, shi ya fara tura ƙasa a kabarin. Ko ɗigon hawaye bai zo ba. Yana wa'azi, yana hawan doki, amma cikinsa fayau.

Da Asabar ɗin Jibi ta zagayo, ya gama raba alamu, ya yi wa kansa tambayar nan. Shi ma ba ya jin komai. Sai ya yanke shawara: gobe ba zai taɓa gurasar ba, zai ajiye aikin. Ga shi kuma babu wani fasto a duk yankin.

Ya hau doki ya sakar masa linzami. Da la'asar dokin ya tsaya a ƙofar Keziah, tana tuƙa faten masara.

Ta ce, "Sauko mana, Fasto. Ko dokin ne zai yi mini wa'azin?"

Ya sauko ya zauna a kan kututture. "Mama Keziah, ba na jin komai. Na binne su kamar mai shuka dankali. Gobe zan ajiye aiki."

Ta zuba fate ta dangwara masa. "Ci."

"Ba na jin yunwa."

"Wa ya tambaye ka? Ni da na rasa mijina, haka na yi ta tura abinci kamar ina tauna tsumma. Da na tsaya jiran yunwa, da tuni ina kwance gefensa. Ci, ɗan nan."

Ya ci. Bai ji ɗanɗanon komai ba, amma ya cinye.

Can ya ce, "Na zalunce ki."

"Ƙwarai kuwa. Miƙo kwanon in ƙara maka."

Ranar Lahadi aka jera dogon teburi a ƙarƙashin bishiyoyi. Fasto Geddes ya miƙe, zuciyarsa tana nan yadda ta kwana. Ya ɗauki gurasar ya ce, "Duk wanda baƙin ciki ya daskarar masa da zuciya, ya matso. Ni ne na farko."

Keziah ta taho a hankali. Sai ga wani a bayanta, ga wata, ga wasu, har sai da dattawan ikilisiya suka ƙaro katako don tsawaita teburin. Ya tsaya da gurasa a hannu yana kallonsu. Duk ya gane fuskokin, domin shi ya sallame su ɗaya bayan ɗaya ba tare da alama ba. Bai taɓa sanin sun kai haka yawa ba.

Darasi: Kada ka auna zuciyar mai baƙin ciki da hawayensa, wani ciwon busar da ido yake yi. Ka sassauta wa mutane, domin ma'aunin da ka tsananta, wata rana kai za a ɗora a kai. Ka tura wa wani wannan labari, wataƙila yau yana bukatarsa.