Rumbun Giwa da Karkatar Kurege

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Safar, ƙarfe tara da kwata na safe, Giwa ta tara manyan daji a gindin gawo. Maganar ɗaya ce: ina za a kafa rumbun tarayya, wanda Raƙumi zai riƙa ɗibar gero daga cikinsa yana kai wa unguwanni huɗu? Ɓauna ta ce kusa da kududdufinta. Giwa ta ce a tsakiya, hanya kuma a duba daga baya.

Sai ga Kurege, kwana uku bai ci ba, ya naɗa rawanin ɓawon rama, yana jan igiya mai ƙulli-ƙulli.

"Ranki ya daɗe, ni ne Malam Barmo mai awon ƙasa. Ni na auna bakin teku, na same shi da ragin taki biyu. Ba a zaɓen wuri yau a zaɓi hanya gobe. Tare ake auna su, in ba so ake Raƙumi ya mutu a tafe ba."

Raƙumi ya ce, "Wallahi malamin nan ya yi karatu."

Da gari ya waye, Kurege ya ja igiya. Ya sa rumbu a kan tudu, don Raƙumi ya gangara da kaya ya hau ba kaya, ya ɗinke unguwannin a zagaye ɗaya. Sai dai ya karkata hanyar ta bi ƙarƙashin farar ƙaya, inda raminsa yake.

Ɓauna ta ce, "Malam, wannan karkatar fa?"

"Ilimi ne, Hajiya. Ba a bayaninsa a tsaye."

Kullum ƙaya ta tsaga buhu, gero ya zuba, Kurege ya kwashe. Unguwanni suka yi ƙarar rabonsu ya ragu. Giwa ta yanke hukunci: in wata ya kama ragin bai tsaya ba, a kori Raƙumi daga dajin.

Kurege ya auna komai, ban da damina. Ruwan farko ya sauka. Da gari ya waye sau biyar, gero ya tsiro kore shar, layi ɗaya, daga gindin ƙaya har bakin rami.

Raƙumi ya ce, "Ranki ya daɗe, ban san malam yana noma ba."

Ɓauna ta sa ƙaho ta tone ramin. Ga gero, ga rawani, ga Kurege kumatu cike.

Kurege ya ce, "Ni ƙanen malam ne, ya yi tafiya."

Ɓauna ta cilla shi sama, ya faɗo a kan ƙayarsa. Ya ruga yana ɗingishi, ya haye dutse ya juyo: "To ku ta da rumbun mana, in kun isa!"

Ba su tayar ba, domin wurin daidai yake. Karkatar kawai suka miƙe. Ni mai ba ku labarin nan, na auna ta da ƙafata, na rubuta: taki ɗari uku da goma sha bakwai.